Injin hura ganye mai fetur: yadda za ka gane dokar garinka a Amurka, ka kauce wa tara

Daga Oktoba zuwa Disamba itatuwa kan zubar da ganye a yawancin jihohin Amurka, kuma a watannin ne unguwanni ke cika da kukan injin hura ganye. Ga wanda bai taɓa gani ba: inji ne da ake goyawa a baya kamar jakar ɗan makaranta, da dogon bututu a hannu yana feso iska, ana tara ganye da ita maimakon tsintsiya ko manjagara. Duk mai sana'ar gyaran harabar gidaje yana da shi, masu gidaje da yawa ma suna ajiye ƙarami a gareji. Yanzu kuwa garuruwa da dama sun hana mai amfani da fetur, wasu sun sa masa lokaci, wasu jihohin kuma sun hana garuruwansu su hana shi. Sai ka ga abin da yake halal a wannan layin, idan ka tsallake titi ya zama laifin dala 500.

Abu na farko da za ka riƙe shi ne babu dokar tarayya guda ɗaya a kan wannan. Adireshin gidan da ake aikin shi ne ke yanke hukunci, ba inda kamfaninka yake da rajista ba, ba inda ka sayi injin ba.

Dalilin da ya sa aka tasa wannan injin a gaba

Yawancin na goyo suna da inji mai bugu biyu, irin na ƙaramin janaretan Tiger da ake haɗa wa fetur da baƙin mai a tanki ɗaya. Ma'aunin da aka fi amfani da shi shi ne 50 bisa 1, wato mililita 20 na mai a kowace lita ta fetur. Irin wannan injin yana shigar da sabon mai a daidai lokacin da yake fitar da hayaƙi, don haka wani kaso na man yakan fita ta salansa bai ƙone ba. Hukumar kula da ingancin iska ta Kalifoniya ta ƙiyasta cewa awa ɗaya na aiki da injin 'yan kasuwa yana fitar da gurɓataccen hayaƙin da ke haddasa hazon birni daidai da tafiyar mil 1,100 a sabuwar ƙaramar mota, kusan kilomita 1,770.

Amma abin da ke kai maƙwabta gaban majalisar gari ƙara ce. A kunnen mai goyon injin takan kai desibel 95 zuwa sama da 100. Cibiyar NIOSH, mai binciken lafiyar ma'aikata, ta sa iyakar desibel 85 na awa takwas, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin gida biyu. Idan ka yi lissafin, a desibel 100 minti 15 kacal kunne zai ɗauka a rana. Ga kuma wani abin da na'urar awo ba ta nunawa sosai: injin fetur yana da gurnani mai kauri wanda ke ratsa bango da gilashin taga, na batir kuwa kukansa siriri ne, bango yana tare shi. Shi ya sa injuna biyu za su nuna lamba ɗaya a awo, amma ɗaya ne kawai zai tada jariri a gida na uku.

Rigimar ba sabuwa ba ce. Garin Carmel a Kalifoniya ya hana tun 1975. Los Angeles ta hana amfani da mai fetur a cikin tazarar ƙafa 500 daga gidan zama a 1998, har masu gyaran lambu, yawancinsu 'yan asalin Latin Amurka, suka yi yajin cin abinci a gaban ofishin birnin. Dokar tana nan har yau, sai dai duk wanda ya zaga birnin ya san kunnensa zai gaya masa yadda ake binta.

Yadda ake karanta dokar

Fara daga sama ka gangaro. Duba jiha tukuna, domin a 2023 Jojiya da Teksas sun yi dokokin da suka ɗaure hannun garuruwa, ba za su ware injin fetur su hana shi saboda irin man da yake sha ba. A can abin da ya rage wa gari shi ne dokar hayaniya ta kowa da kowa da lokutan aiki. Kalifoniya kuma ta bi ta wata hanya: Gwamna Gavin Newsom ya sa hannu a dokar AB 1346 a Oktoban 2021, wadda ta kai ga hana sayar da sababbin ƙananan injinan fetur daga ƙirar 2024, aka kuma ware dala miliyan 30 don taimaka wa ƙananan 'yan kasuwa su sauya zuwa na lantarki. Mutane da yawa suna kuskuren fahimtar wannan. Dokar jihar a kan sayarwa take, ba ta ce ka jefar da wanda kake da shi ba. Garinka ne zai iya hana ka kunna shi, kamar yadda Palo Alto ta yi a unguwannin zama tun 2005.

Daga jiha sai gunduma, sai gari, sai ƙungiyar masu gidajen unguwa idan akwai, domin ita ma tana da nata sharuɗɗan da tarar da take ci. Kada ka tsaya a labarin jarida ko abin da wani abokin aiki ya ce. Shiga shafin intanet na garin, ka nemo kundin dokokinsa, sashen hayaniya, ka karanta rubutun da kansa. Idan ya rikice maka, kira ofishin magatakardan gari ka nemi lambar sashen, ka rubuta ta.

Da ka samu rubutun, fara da ma'anar da suka ba injin. Wasu sun ce “mai fetur”, wasu sun ce duk injin da ke ƙona mai a cikinsa, wanda ya haɗa da mai bugu huɗu da mai gas. Wasu sun haɗa da injin zuƙe ganye. Akwai kuma waɗanda suka toshe dabarar ɗora janareta a bayan mota ana ba injin lantarki wuta, domin hakan mayar da hayaniyar bakin titi ne kawai.

Sai lokaci. Washinton, babban birnin ƙasar, ya hana sayarwa da amfani duk shekara tun 1 ga Janairu 2022, tara har dala 500 a kowane laifi. Gundumar Montgomery ta Maryland, wadda ke manne da shi, ta hana sayarwa daga 1 ga Yuli 2024, amfani kuma daga 1 ga Yuli 2025. Portland ta jihar Oregon ta bi a hankali: hani ya fara 1 ga Janairu 2026, amma an bar ƙofa daga Oktoba zuwa Disamba a 2026 da 2027 saboda jiƙaƙƙen ganye, sannan a rufe gaba ɗaya a 2028. Ko inda aka yarda da na batir, yawanci akwai sa'o'in da ba a kunna komai, kuma na Asabar da Lahadi da ranakun hutu sun fi na sauran ranaku matsi.

Abin da ya fi jawo faɗa tsakanin mai gida da ma'aikaci shi ne wa zai biya tarar. A Portland mai gidan ne ke da alhaki: gargaɗi a karon farko, sai dala 250, sai 500, sai 1,000. A Los Angeles dokar ta kama mai riƙe da injin da wanda ya ɗauke shi aikin duka. Idan kai mai gida ne, cewa “ai ba ni na kunna ba” ba za ta fisshe ka ba a irin waɗannan wurare. Rubuta a cikin yarjejeniyarku cewa da na batir za a yi aikin, ku kuma rubuta wanda zai ɗauki tara idan aka saɓa. Idan kai ne mai sana'ar, riƙe takarda ɗaya a kowace mota mai jerin garuruwan da kuke aiki da abin da kowanne ya yarda da shi, domin yaran aiki ba sa ganin iyakar gari a kan kwalta.

Inda doka ta sa iyakar ƙara maimakon hani

Wasu garuruwan ba su damu da irin man ba, sun dai ce kada ƙara ta wuce kaza, galibi desibel 65 ko 70 a tazarar ƙafa 50, kusan mita 15. Lambar tana manne a jikin injin, a kan wata 'yar takarda ta ma'aunin ANSI B175.2, wato ƙa'idar da ake gwada ƙarar waɗannan injinan da ita. Kada ka ɓare ta, kada ka bari ta goge, domin ita jami'i zai fara dubawa. Kuma ka sani lambar ta injin da ya fito daga kamfani ce, da cikakken bututunsa da salansa lafiyayya. Wanda ya cire ƙarshen bututu don ya ƙara iska, ko ya bar salansa ta fashe, ya fita daga lambar.

Ƙara takan ragu da kusan desibel 6 duk lokacin da ka ninka tazara a fili. Injin da ke da 77 a mita 15 zai zama 71 a mita 30, 65 a mita 60, sai a mita 120 zai sauko 59. Injuna biyu masu ƙara ɗaya idan suna aiki tare suna ƙara desibel 3, huɗu kuma 6. Saboda haka injin da ya cika sharaɗi shi kaɗai zai iya karya dokar da ke auna ƙara a iyakar gida idan mutum uku suka kunna tare.

Idan za ka auna da kanka, tsaya a tazarar da doka ta ambata, na'urar a tsayin ƙirji, ka yi nesa da bango da mota da 'yan mitoci domin suna dawo da sauti su ƙara lambar. Sa ta a ma'aunin A, wanda ke auna ƙara yadda kunnen mutum ke jin ta. Auna hayaniyar wurin kafin a kunna injin; idan bambancin bai kai desibel 10 ba, hayaniyar titi ta shiga cikin awonka. Iska mai ƙarfi ma tana ɓata awo, shi ya sa ake sa soso a kan makirufo. NIOSH tana da manhajar awo kyauta ta iPhone, tana da amfani don ka san inda kake, amma kada ka ɗauka za ta tsaya a matsayin hujja kamar na'urar jami'i da aka daidaita.

Shigar da ƙorafi

Matsalar irin waɗannan dokoki ita ce aikin minti 20 ne, kafin jami'i ya iso an loda kaya an tafi. Washinton ta magance wannan da karɓar ƙorafin mazauna a rubuce. Ana cika fom a aika wa sashen lasisi da kare masu saye, cikin mako ɗaya da faruwar abin, da sa hannun mai ƙorafin, da wuri da rana da lokaci da sunan kamfanin ko mutumin. Filayen gwamnatin tarayya da ke cikin birnin ba sa ƙarƙashin dokar, don haka duba ko na wa ne filin kafin ka ɓata lokacinka.

Ƙorafi yakan faɗi saboda hoton bai nuna cewa injin na fetur ba ne. Na batir ma ana goya shi, daga nesa kamanninsu ɗaya. Abin da ke bambanta su shi ne tankin mai fari-fari a ƙasan injin, da igiyar ja, da salansa, sannan mai fetur yana ci gaba da ɗan gurnani ko an saki maƙullin da yatsa ke dannawa, na batir kuwa yakan yi tsit nan take. Gajeren bidiyo mai sauti ya fi hoto goma. Ɗauki sunan kamfanin a jikin mota da lambar gidan, daga kan titi, ba tare da ka shiga harabar kowa ba.

Mu dai shawararmu, kada a cusa kyamara a fuskar ma'aikaci. Shi aka ba injin ya goya, ba shi ya saya ba, kuma shi ne ya fi kowa shaƙar hayaƙin. Fara da mai gidan, cikin mutunci. Sau da yawa bai ma san da dokar ba, magana ɗaya ta wadatar. Kuma ba a kiran lambar gaggawa ta 911 a kan wannan. Lambar 311 ta ƙorafin da ba na gaggawa ba ake kira a garuruwan da ke da ita, ko ofishin kula da bin dokokin gari.

Sauyawa zuwa batir, inda kuɗi ke zuba

Mai gida ɗaya da 'yar haraba ba shi da matsala: injin hannu da batir ɗaya ko biyu sun ishe shi, ko ma mai wayar da ake jonawa a soket idan filin ƙarami ne. Mai sana'a ne ke shan wuya, kuma kusan kullum kuskuren ɗaya ne: ya sayi injin, ya yi rowar batir.

Lissafin ba shi da wahala. Ninka bolt da amfiya-awa da ke rubuce a jikin batir, ka samu wat-awa. Batir mai bolt 56 da amfiya-awa 10 yana da wat-awa 560 a takarda. Injin da ke jan wat 1,000 a cikakken ƙarfi zai shanye shi cikin rabin awa da 'yan mintoci. Mintocin da kamfani ke rubutawa a kwali galibi na ƙaramin gudu ne, wanda ba ya ɗaga ganyen kaka. Kafin ka sayi komai, sa a ƙirga na mako guda mintocin da yatsa ke kan maƙulli da gaske, ba tsawon lokacin da kuke gidan ba. A ce awa uku ne a rana, a matsakaicin wat 700. Wat-awa 2,100 ke nan. Ƙara kashi ɗaya cikin huɗu saboda sanyi da tsufan batir, ka kai wajen 2,600, wato batura biyar irin wancan ga mutum ɗaya. A kaka adadin yana iya ninkawa.

Wajen ƙarfi kuma, kada saurin iska na mil a awa ya ruɗe ka. Ƙuntataccen bututu yana ba da babbar lamba ba tare da ya tura komai ba. Duba yawan iskar da yake fitarwa a minti, sannan ƙarfin turawa da ake aunawa da niwuton. Babban injin fetur irin Stihl BR 800 yana ba da niwuton 41, yawancin na batir suna ƙasa da haka, kuma maɓallin ƙarin ƙarfi da ke rage giɓin shi ne ke zuƙe batir. Koya wa yara su danna shi na daƙiƙoƙi don ɓamɓare ganyen da ya manne, su saki. Tsaya a kan kamfani ɗaya, domin batirin wannan ba ya shiga injin wancan.

Caji shi ne abin da ba a tunawa sai dare na farko. Layin wuta na gida a Amurka bolt 120 ne da amfiya 15, wat 1,800, kuma ƙa'ida ita ce kada kaya mai daɗewa yana jan wuta ya wuce kashi 80 cikin ɗari, wato wat 1,440. Caja mai sauri takan ja wat 500 zuwa 700. Biyu ke nan a layi ɗaya, kuma soket huɗu na gareji sau da yawa duk a layi ɗaya suke. Ka jona shida, makatsin wuta ya faɗi da tsakar dare, da asuba ka tarar da batura babu komai. Mafita ita ce mai gyaran wuta mai lasisi ya ja maka layuka na musamman, ko ka sayi caja mai ramuka da yawa da ke cika su ɗaya bayan ɗaya. Kada a yi cajin batirin litiyam idan sanyi ya kai sifili a ma'aunin Salshiyas, yana lalata shi daga ciki. A shigar da shi ɗaki ya ɗumama tukuna. Kada a bar shi a rufaffiyar tirela cikin zafin Yuli, kada a jona shi yana da zafi daga aiki. Wanda ya faɗi ya tsage, ko ya kumbura, ko ruwa ya shige shi, a ware shi waje nesa da fetur da busasshen ganye, a kai shi wurin karɓar shara mai haɗari. Wutar litiyam ba ta mutuwa da sauƙi.

Kafin ka biya, duba tallafi. Gundumar Montgomery ta yi shirin mayar da wani ɓangare na kuɗin, hukumomin iska na yankunan Kalifoniya ma haka, wasu kamfanonin lantarki su ma suna yi. Karanta sharaɗin da farko: wasu suna so ka nema kafin saye, wasu sai ka miƙa tsohon injin an lalata shi. Adana rasit. Tsohon injin kuma a tsiyaye man da ke ciki kafin a kai shi ko'ina.

Shi kansa salon aikin dole ya canja, domin wanda ya riƙe na batir kamar yadda ya saba riƙe na fetur zai ce ba ya aiki. Ganye jiƙaƙƙe ya fi nauyi nesa ba kusa ba, don haka a tsara gidajen da suka fi itatuwa zuwa bayan azahar, raɓa ta bushe. A bi iska, kada a yi gaba da ita. Maimakon tura tsibi ɗaya daga bayan gida har bakin titi, a tara ƙananan tsibi, a ja su da manjagara kan tamfol, mutum biyu su ja. A kan ciyawa, injin yankan ciyawa mai niƙa ganye yana rage aikin sosai idan ganyen bai yi kauri ba, niƙaƙƙen ya zama taki. Zuwa sau biyu a mako lokacin da zubar ta yi yawa ya fi zuwa sau ɗaya a tarar da ganye ya kai idon sawu ya manne. Kada a hura ganye cikin magudanar titi. Garuruwa da yawa suna cin tara a kan wannan dabam, ko da wane irin inji aka yi. Abin toshe kunne da tabarau da takunkumin ƙura suna nan daram, domin na batir ma yana iya wuce desibel 85 a kunnen mai riƙe da shi, ƙurar da yake tayarwa kuwa ba ta san irin man ba.

Idan aikin zai ɗauki lokaci fiye da da, gaya wa mai gida tun kafin kaka, ku daidaita farashi a rubuce, tare da bayanin cewa ba kowane ganye ɗaya-ɗaya za a kwashe daga cikin furanni ba.

Ga mai son garinsa ya yi irin wannan doka

Duba dokar jiha da farko, kada ku shekara kuna taro a kan abin da gari ba shi da ikon yi. Sannan ku gina ta a kan hayaniya da amfani da lokaci. Dokar tsabtar iska ta tarayya ta bar sa ma'aunin hayaƙin sababbin injuna a hannun gwamnatin tarayya, da keɓewa ta musamman ga Kalifoniya, saboda haka garin da ya rubuta tasa kamar ma'aunin hayaƙi ya buɗe wa lauyoyin kamfanoni ƙofa. A ba masu sana'a shekara ɗaya zuwa biyu su shirya, ma'aikatan gari su fara sauya nasu injinan, a fitar da sanarwa da Sifaniyanci da sauran harsunan da ma'aikatan ke ji. Hani kai tsaye ya fi iyakar desibel sauƙin aiwatarwa, tunda hoto yana nuna tankin mai amma ba ya nuna ƙara. A rubuta ƙarara wane ofishi ne zai karɓi ƙorafi, wace hujja zai karɓa, cikin kwana nawa, da kuma albashin jami'in da zai bi ta a kasafin shekarar da dokar za ta fara.